Makonnin da Na Ɓuya wa Yaya Ajuma

Litinin, 4 ga Satumba, da hantsi

Na kai wa Zakariya'u abinci wurin jandarmomi, inda suke tsare da shi. Shinkafa da wake ce, na ɗora masa kifi a kai. Sun bar ni na miƙa masa da hannuna. Ya karɓa ya ajiye a ƙasa. Na ce, "Zakari, ka taɓa ko loma ɗaya ce." Ya ce, "To, Inna." Bai ɗago kai ya dube ni ba. Rigar ranar Asabar ce har yanzu a jikinsa, ta bushe da lakarta.

Shi kaɗai Allah ya bar mini. Tun da aka rufe gadar iyaka aikin dako ya mutu a tashar kamiyo, manyan motocin kaya, sai ya koma tuƙa jirgin ruwan wani ɗan kasuwa, yana ƙetarar da mutane da kaya zuwa Malanbil, can ƙetaren kogi. Ruwa ya cika bana, kowa ya gani.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba. Duk Gaya ta sani. Har yanzu ana nema.

Talata, 5 ga Satumba, da safe

An same ta. Masuntan Tunuga ne suka gan ta cikin ciyawar bakin ruwa.

Maƙwabciyata Zara ce ta shigo ta same ni ina wanke tukunya. Ta tsaya a bayana ta ce, "Innar Zakari, an ga ɗiyar Ajuma." Na ci gaba da wanki. Tukunyar ta riga ta fita tas, ina ta gurza ta.

Nuriya. Na dai rubuta sunan.

Ni da Yaya Ajuma ba ciki ɗaya muka fito ba, amma a majami'armu baƙo ba ya ganewa. Lokacin da baban Zakari ya rasu, ita ta yi ta kwana a ɗakin nan har na gama zaman makoki. Ranar da ta haifi Nuriya, ni na yi wa jaririyar wankan fari. Benci ɗaya muke zama ran Lahadi. Yarinyar nan jirgin Zakari take shiga duk sa'ad da za ta ƙetara saro atamfa, don uwarta ta ce hankalinta ya fi kwanciya in tana hannun wanta.

Talata, da la'asar

An kai ta. Na ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, na yafa gyale, na fita. Da na kai kwanar mai niƙa sai na jiyo matan sun ɗauki waƙa, kiɗan tulu yana tashi a hankali. Ƙafata ta ƙi gaba. Na tsaya jikin bango har muryoyin suka yi nisa, na juyo gida.

Da wace fuska zan shiga?

Alhamis, 7 ga Satumba, da hantsi

Bai ci ba.

Lahadi, 10 ga Satumba, da safe

Na ji ƙararrawa. Na ja ƙofa na zauna a bakin gado. Na ce bari in yi addu'a a nan, tun da Allah ba a majami'a kaɗai yake ba. Na durƙusa. Na ce, "Ya Uba." Daga nan babu abin da ya biyo baya. In roƙa wa Zakari fita, sai in ga fuskar Yaya Ajuma. In roƙa wa Yaya Ajuma haƙuri, sai in ji kamar don ɗana nake roƙo. Gwiwoyina suka yi ciwo, na tashi.

Talata, 12 ga Satumba, da la'asar

Matar Fasto Sumana ta zo. Mama muke ce mata. Ta shigo da kwanon fura, ba ta jira tabarma ba ta zauna a kan turmi.

Ta ce, "Basira, ba mu gan ki ba."

Na ce, "Ba ni da lafiya, Mama."

Ta ce, "Na sani. Ba na zo in ja ki ba ne." Ta dama furar da kanta ta miƙo mini. Ta ce mata da yawa a ikkilisiyar nan a gajiye suke, wata mijinta yana can bayan iyaka da mota ya kasa dawowa, wata ta rasa abin sa wa a tukunya, kowace tana tsammanin sai ta wanke fuska ta gyara ɗankwali kafin ta je gaban Ubangiji. Ta ce, "Shi kuwa ba zama yake yana jiran ki shirya ba. Tasowa yake yi. In kin shiga ɗaka kin rufe, yana bakin ƙofa. In kin haura katanga, yana bayan katangar."

Na ce, "Mama, in ya same ni me zan ce masa?"

Ta ce, "Ba lallai ki ce komai ba."

Maganar tana da daɗi. Na san gaskiya ce, ni ma na sha faɗa wa wasu irinta a zumunta. Amma yau ta zuba a kaina ta gangare, ba ta shiga ba. Ban tambaye ta Yaya Ajuma ba. Ita ma ba ta ambace ta ba, sai da ta kai ƙofa ta ce, "Ba ta barci." Ta tafi.

Alhamis, 14 ga Satumba, da azahar

An kai shi gaban alƙali, daga can aka wuce da shi gidan kaso. Sun ce sai an gama bincike. Mai jirgin ba a gan shi ba tun ranar, an ce ya ƙetara. Shi da ya tsaya a kan sai an ƙara buhuna yana can, wanda ya riƙe inji yana nan.

Dangin sauran sun cika harabar. Ba Nuriya kaɗai ba ce. Ba zan rubuta ko su nawa ba ne.

Hamani, mijin Yaya Ajuma, yana tsaye gindin bishiya. Mutumin da ya riƙe Zakari ranar baftismarsa. Da aka fito da yaron ya bi shi da ido har aka sa shi a mota, sannan ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi.

Juma'a, 15 ga Satumba, da hantsi

Bai ci ba. Mai gadin ya ce wa 'yan ɗakinsu yake ba.

Asabar, 16 ga Satumba, da safe

Na ɗauki kwando zan je bakin ruwa sayen ɗanyen kifin da zan yi banda, sana'ar da nake ci da ita ke nan tun rasuwar babansa. Daga kan tudu na hango kogin, ja wur, yana tafe da itace da ciyawa. Jirage suna ta lodi kamar ba a yi komai ba. Wata mata da goyo tana miƙa ƙafa za ta shiga. Na dawo da kwandon yadda na tafi da shi.

Murhun banda ya yi sanyi. Kaji sun fara kwana a ciki.

Lahadi, 17 ga Satumba, da la'asar

Ta zo.

Ina ɗaka na ji sallama. Muryar ta dushe amma na gane ta tun daga kalmar farko. Ban san lokacin da na tura ƙyaure na tsaya a bayansa ba. Ta shigo tsakar gida. Ina jin takunta, tana jan silifa kamar tsohuwa.

Ta ce, "Basira."

Na toshe bakina da gyale.

Ta ce, "Basira, ga takalminki a ƙofa."

Ta jima a tsaye. Na ji ta ɗebi ruwa a randa ta sha, ta mayar da moɗa. Sannan ta fita.

Me ta zo faɗa mini? Duk abin da ta zo da shi, tana da gaskiya. Abin da na kasa ke nan, in tsaya in ji shi daga bakinta.

Litinin, 18 ga Satumba, da hantsi

Ya karɓi kwanon ya ce, "Inna, ki daina wahala." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun ranar. Wuyansa ya fito. Na ce masa ina yi masa addu'a. Ƙarya na yi.

Laraba, 20 ga Satumba, da azahar

Ta sake zuwa. Wannan karon na hango ta tun daga bakin titi, sai na bi ta inda katangarmu ta zube na faɗa gidan Zara. Na shige madafinta na zauna a kan itace.

Zara ta leƙa waje ta dawo. Ta ce, "Ta zauna a dakalinki. Cikin ranar nan."

Na ce, "Ki ce mata na tafi Tanda."

Ta ce, "Ni ba zan yi wa mai makoki ƙarya ba, Innar Zakari. Na fito daga salla yanzu." Ta ɗauki tabarma da ruwa ta kai mata. Na ji suna gaisawa, Zara tana yi mata ta'aziyya, tana cewa Allah ya ba da haƙuri. Da ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Ni ban san addininku sosai ba. Amma matar nan ba da faɗa ta zo ba. Mai faɗa ba ya zama haka."

Na ce, "Ba ki san abin da ke cikinta ba."

Ta ce, "Ke kin sani?"

Sai da inuwa ta juya Yaya Ajuma ta tashi. Da na koma gida na tarar ta share mini ƙofar gida. Ga sawun tsintsiya nan.

Na zauna a wurin na yi kuka, na farko tun ranar Asabar ɗin. Bai rage komai ba.

Alhamis, 21 ga Satumba, da safe

Allah, in kai ne kake aiko ta, ka bari. Ba zan iya ba.

Asabar, 23 ga Satumba, da marece

Na sauya hanya. Yanzu ta bayan kasuwa nake bi in zan je kaso, don kada in wuce bakin layinsu. Na daina kunna wayar salula. Mama ta aiko a ce mini ran Talata akwai zumunta, za su yi addu'a domin matan da suka gaji, in ba zan iya zuwa ba za su ambaci sunana. Na ce a gaishe ta.

Ina ta tunanin Nuriya tana ƙarama, ranar da ta cusa ƙwayar gyaɗa a hanci, ni da uwarta muka ruga da ita wurin likita, muna gudu muna faɗa da juna kan wa ya bar gyaɗar a ƙasa. A hanyar dawowa muka yi ta dariya har muka zauna a bakin hanya.

Ban san me ya sa wannan ne yake ta dawo mini ba.

Lahadi, 24 ga Satumba, da safe

Ƙararrawa. Ban je ba.

Talata, 26 ga Satumba, da la'asar

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Da hantsi ina cikin layin mata a ƙofar kaso, kowace da kwanonta a ɗaure cikin ɗankwali. Sai na ji an tsaya a bayana, kusa ƙwarai. Na san ƙamshin man da take shafawa. Gaba mai gadi, dama bango, hagu kwata. Babu wurin gudu.

Ta ce, "Na san nan dai dole ki zo."

Na juya. Da ƙyar na gane ta. Fuskar ta zube, idanun sun faɗa. Ɗankwalinta a karkace, ita da ba ta fita sai ta duba madubi. Na durƙusa a wurin, kwanon ya kusa kifewa. Na ce, "Yaya." Na kama ƙafarta. Na ce, "Yaya, Yaya."

Ta ce, "Tashi, mutane suna kallo."

Ta ja ni gefe, gindin wata bishiyar bedi. Muka zauna a kan saiwa.

Ta ce, "Kada ki ɗauka na zo in ce na yafe. Ban sani ba ko na yafe. Wani lokaci in na tuna shi sai in ji kamar in shaƙe shi da hannuna, yaron da na goya."

Na ce, "Kina da gaskiya, Yaya."

Ta ce, "Ba gaskiya na zo nema ba. Gida cike yake da mutane, kowa yana ce mini sai haƙuri, tana wurin Ubangiji. Na sani. Amma babu wanda ya san ta yadda kika san ta. Ina so in ce, kin tuna kaza, a ce mini na tuna. Na duba cikin matan nan duka ba ki. Na rasa ɗiya, kuma sai in rasa ki? Wa ya ce miki haka ake yi?"

Na ce, "Kunya ce."

Ta ce, "Kunyarki ta fi ni?"



Ta ƙara da cewa, "Ni ma ba da son raina nake zuwa ba, in gaya miki. Na ce wa Ubangiji ba za ni ba, ita ya kamata ta zo. In na durƙusa sai sunanki ya tsaya mini a wuya, addu'ar ta ƙi wucewa. Na ce to, na ji. Ya hana ni sakat, shi ya sa na hana ki."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta kaso. Tana so ta ga Zakari. Ta ce kowa ya ba ta labari iri-iri, amma shi kaɗai ne ya ga ƙarshen. Tana so ta ji daga bakinsa.

Na ce, "Yaya, ba ya magana. Ko ni ba ya yi wa."

Ta ce, "Zai yi mini."

Mai gadin ya ce sai ran Alhamis, ranar ziyara. Hamani bai san ta zo ba.

Laraba, 27 ga Satumba, da azahar

Tsoro nake ji. In ya faɗi abin da zai sa ta tsane mu har abada fa? In ya ƙi magana fa? Ba abin da ke hannuna. Na dafa abinci na kai, na dawo, na zauna.

Na durƙusa. Yau ma "Ya Uba" kawai na ce. Amma ban yi saurin tashi ba.

Alhamis, 28 ga Satumba, da marece

Aka fito da shi aka zaunar a benci a ƙarƙashin rumfa. Da ya ga wadda ke tare da ni sai ya miƙe zai koma ciki. Mai gadin ya tare shi. Ya tsaya ya ba mu baya.

Yaya Ajuma ta ce, "Zakariya'u, zo ka zauna. Ni ce."

Ya zo, amma a ƙasa ya zauna, kusa da ƙafafunta.

Ta ce, "Faɗa mini tun daga lokacin da ta shiga. Kada ka rage komai don ka ji tausayina."

Ya faɗa. Da farko muryar ba ta fita, daga baya ta zo kamar an fasa tulu. Ya faɗi inda ta zauna, da abin da ta ce masa tana tsokanarsa, da lokacin da ruwa ya fara shiga. Ya faɗi sauran. Ba zan rubuta ba, nasu ne su biyu. Abu ɗaya kawai: ya kama hannunta. Ya riƙe. Ya nuna mana yadda ya riƙe, yana kallon tafinsa kamar ba nasa ba.

Yaya Ajuma ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi, "Ta kira ni?" Ya ba ta amsa. Ta rufe ido.

Ya ce, "Inna Ajuma, da ni ruwan ya ɗauka."

Ta ce, "Da yanzu uwarka ce a inda nake. Ba na yi wa kowa fatan haka."

Ta jawo kwanon da na kawo, ta kwance ɗankwalin, ta buɗe, ta tura gabansa. Ta ce, "Ci ina gani." Ya ci. Yana ci hawaye na zuba a cikin tuwon, ta ƙi ɗauke ido sai da ya kai rabi.

Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta taɓa shi ba. Da za mu fita ta ce wa mai gadin, "Ku riƙa duba shi."

Shari'a tana nan yadda take. Ba a sa rana ba.

Asabar, 30 ga Satumba, da marece

Da azahar ta shigo ba sallama. Ta ce gidansu ya cika da baƙi daga ƙauye, kanta yana sarawa. Ta ce ta gaya wa Hamani inda ta je ran Alhamis, bai yi mata magana ba tun daga lokacin, amma bai hana ta fitowa ba.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Muka zauna. Ta fara, kin tuna kaza, kin tuna kaza. Ina cewa na tuna. Wani mu yi dariya, wani mu yi shiru. Ta ce mu yi addu'a, na ce Yaya ni bakina ya bushe. Ta ce nata ma. Sai muka riƙe hannu kawai, ta ce, "Ga mu nan, Ubangiji. Ka gan mu." Na ce amin.

Tana cikin ba ni labarin atamfar da Nuriya ta ce za ta saro mata, sai maganar ta fara tsinkewa. Ta kishingiɗa ta ɗora kai a cinyata. Kafin in ce wani abu numfashinta ya sauya.

Zara ta leƙo ta katanga, na ɗaga mata hannu, ta koma a hankali. Rana ta matso har ta taɓa gefen tabarmar, na ja gyalena na kare mata fuska. Ƙafata ta mutu tun daga ƙugu. Wake yana kan wuta, ina jin ƙaurinsa yana tashi.

Ban motsa ba sai da ta farka.